Me ke kashe ƙarfin bilic ɗin da ake haɗawa a gida?

Tambaya: "Malam, na koyi haɗa bilic a wajen koyon sana'a, da garin kilorin da soda ash da kostik soda. Ranar da na haɗa yana cin datti sosai, amma kafin wata biyu masu saye sun fara ƙorafi wai ya zama ruwa. Wasu gorunan ma kumbura suke yi, ga wani farin abu da ke kwanciya a ƙasa. Wata ta ce in matsa lemun tsami a ciki zai ƙara ƙarfi. Sannan ana ta amai da gudawa a unguwarmu, ko zan iya ɗiga shi a ruwan sha?"

Hajiya, bari in fara da maganar lemun tsamin, don ita ce mai iya kai mutum asibiti yau-yau. Kada ki matsa. Kada ki zuba ruwan tsamiya, ko khal, ko ruwan batir, ko ruwan wanke masai mai asid. Wadda ta ba ki shawarar akwai ƙamshin gaskiya a bakinta, za mu zo wurin, amma in kika bi ta a cikin jarka mai lita 20 iskar guba za ki tayar a ɗakinki.

Abin da ke cikin gorarki sunansa sodiyam haifokilorait, ana rubuta shi NaOCl: sodiyam ɗaya, oksijin ɗaya, kilorin ɗaya. In aka cire oksijin ɗin abin da ya rage NaCl ne, wato gishirin miya. Ki riƙe wannan, rabin amsarki a nan take. Shi ne dai sinadarin da ke cikin Jik da Hypo, shi ne kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai ke kira javel. Javel sunan wani ƙauye ne a bakin kogin Seine wanda birnin Faris ya haɗiye tuntuni. A can aka fara yin ruwan don sayarwa a 1789, bisa binciken wani masanin sinadarai, Claude Berthollet. Na farkon da fotash aka yi shi, sai wajen 1820 wani mai haɗa magunguna, Antoine Labarraque, ya koma yin sa da soda saboda ta fi araha. Ba shi da dangantaka da bilicin na shafawa a fata, suna ne kawai ya zo ɗaya.

A masana'anta iskar kilorin ake turawa cikin ruwan kostik soda mai sanyi:

Cl2 + 2NaOH → NaOCl + NaCl + H2O

Ke kuwa ta wata hanya kike bi. Garin kilorin da kike saya kalsiyam haifokilorait ne. Idan ya haɗu da soda ash a ruwa sai su yi musaya, sodiyam ya ɗauki haifokilorait, kalsiyam ya ɗauki kabonet:

Ca(OCl)2 + Na2CO3 → 2NaOCl + CaCO3

Wannan CaCO3 ɗin shi ne farin abin da kike gani. Dangin alli ne, ba ya narkewa a ruwa, ba shi da wata illa, kuma fitowarsa alama ce cewa musayar ta yiwu. Kuskuren kawai shi ne gaggawar ɗurawa. Ki bar haɗin a rufe ya kwana ya yini, ki tsiyaye na saman a hankali, ki zubar da laka. In kin yi haka kuma har yanzu yana kwanciya a gora, to soda ash ɗinki bai isa ba, akwai sauran kalsiyam a ruwan yana ta haɗuwa da iskar kabon dayoksaid yana saukowa kaɗan-kaɗan.

Za ki iya cewa me ya sa ba a sayar da shi kansa sodiyam haifokilorait a gari, a huta da wannan wahalar. Ba ya zaunuwa ne. Busasshensa fashewa yake iya yi, wanda kuma ya daskare da ruwa a jikinsa narkewa yake a zafin da bai kai digiri 30 ba. Don haka duk duniya a ruwa ake ajiye shi, a ruwan ma sai da mai gadi, mai gadin kuwa shi ne kostik soda.

Yanzu ga wurin da nake so ki natsu. Idan NaOCl ya shiga ruwa rabuwa yake yi, sodiyam ya koma gefe ya zama ɗan kallo, a bar OCl⁻. Shi kuma OCl⁻ yana da fuska ta biyu: idan ya samu haidirojin ya maƙala sai ya zama HOCl, asid ɗin haifokiloros. Su biyun kullum suna cikin ruwan tare, ɗaya yana komawa ɗaya, kuma abin da ke yanke wanda zai fi yawa shi ne ma'aunin da ake kira pH. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya, ƙasa da bakwai ɓangaren tsami ne kamar lemu da tsamiya, sama da bakwai ɓangaren kanwa da toka da soda. A pH 7.5 su biyun kunnen doki suke yi, rabi da rabi. A 6.5 kusan kashi 90 cikin 100 HOCl ne. A 8.5 ya faɗo ƙasa da kashi 10. A pH 12, inda bilic mai kyau yake zaune, cikin ƙwaya dubu talatin da kyar ki samu HOCl guda.

Halinsu ba ɗaya ba ne. OCl⁻ yana ɗauke da cajin lantarki irin wanda ke jikin bangon ƙwayar cuta, don haka ture juna suke yi, shigarsa sai a hankali. HOCl ba shi da caji, ƙarami ne, ratsa bangon yake yi kamar ruwa ya shiga ya ƙona sunadaran da ƙwayar ke rayuwa da su. Ya fi ɗan'uwansa kisa sau gommai. Abin sha'awa, jikinki ma yana yin sa: fararen ƙwayoyin jini idan sun haɗiye ƙwayar cuta HOCl suke haɗawa daga gishirin jini su kashe ta da shi. Sai dai mai zafin naman nan ba ya daɗewa. OCl⁻ shi ne mai haƙurin zama a gora, HOCl shi ne mai aiki. Kostik soda ana sa shi ne don a danne mai aikin ya yi barci har ranar da ake bukatarsa. Ranar da kika zuba murfi ɗaya a bokitin ruwa, ruwan ya tsarma sodar, pH ya sauko, HOCl ya farka. Wannan ita ce gaskiyar da ke cikin maganar lemun tsami: tsami yana tayar da mai aikin. Amma ruwan bokiti ya riga ya yi miki wannan aikin daidai gwargwado. Shi ya sa kuma bilic ɗin da aka tsarma ba a ajiye shi, a asibiti kullum sabo ake haɗawa.

Idan kuwa aka ci gaba da ƙara tsami, pH ya faɗo ƙasa da 4, sai fuska ta uku ta fito. HOCl ya haɗu da gishirin da ke cikin ruwan ya koma iskar kilorin, wadda aka yi shi da ita tun farko. Ita ce iskar da sojojin Jamus suka saki a Ypres ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915, lokacin yaƙin duniya na farko. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau biyu da rabi, don haka ƙasa take kwanciya, daidai hancin yaro ko na wadda ta durƙusa tana goge banɗaki. Yawancin ruwan wanke masai masu cire tsatsa asid ne a cikinsu, kuma haɗa su da bilic a rufaffen banɗaki shi ne hanyar da aka fi samun wannan hatsarin a gidaje. Wanda ya shaƙa ya fita iska nan take. In tari ya ƙi tsayawa ko ƙirji ya riƙe, musamman mai asma, sai asibiti.

Mu dawo kan ƙorafin masu saye. Bilic tun ranar da aka haɗa shi yake tafiya zuwa ga gishiri, ba wanda ya isa ya tsayar da shi, sai dai a rage masa gudu. Hanya biyu yake bi. Babbar ita ce ƙwayoyin NaOCl uku su haɗu, biyu su miƙa wa ɗaya oksijin ɗinsu:

3NaOCl → 2NaCl + NaClO3

Sakamakon gishiri ne da sodiyam kiloret, wanda ba ya wanki, ba ya kashe ƙwayar cuta. Wannan ba ta da alama, ba kumfa ba ƙara, ruwan yana nan yadda yake a ido alhali ya mutu. Ƙaramar hanyar ita ce ya saki oksijin ɗin ya tashi:

2NaOCl → 2NaCl + O2

Ita ce ke kumbura miki goruna. Hasken rana yana ingiza ta, haka ma ɗan ɓurɓushin ƙarfe, musamman tagulla da nikel da kobalt, ko da abin da ido ba zai gani ba ne. In a duron ƙarfe kike haɗawa, ko da ludayin ƙarfe kike juyawa, ko ruwanki ya biyo ta tsohon bututu mai tsatsa, ga inda kumburin ya fito. Roba kaɗai za ki yi aiki da ita, tun daga mazubi har abin juyawa.

Babban abokin gabarki dai zafi ne. A ƙiyasin masu harkar ruwa, duk ƙarin digiri 5 kusan ninka gudun lalacewar yake yi. Ki kwatanta ɗaki mai digiri 25 da shago mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, inda ake haura 40. Ninki uku ke nan a jere, biyu, huɗu, takwas. Abin da zai yi shekara a wuri mai sanyi sai ya tafi cikin wata ɗaya da rabi. Kuma mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa saurin faɗuwa, domin sai ƙwayoyin sun yi karo da juna kafin su lalace, in sun yi yawa karon ya yi yawa. Idan aka raba kaurin biyu gudun yana raguwa aƙalla sau huɗu. Wannan ne ya sa na masana'anta mai kashi 12 zuwa 15 cikin 100 ba ya jure ajiya, na kanti mai kashi 3.5 kuwa yana daɗewa.

Sai iska. Duk buɗe murfi kabon dayoksaid yana shiga ya cinye kostik soda a hankali, pH ya riƙa sauka. Da ya sauko ƙasa da 11 gudu ya ƙaru, in ya kusanci 7 kuwa a nan kiloret ya fi saurin samuwa. Ki ga ke nan lemun tsami ko bai tayar da iskar guba ba, kashe miki kaya zai yi cikin kwanaki. Kostik ɗin ma ba a cika shi. Giram 1 zuwa 2 a kowace lita ya isa ya riƙe pH sama da 12. Abin da ya wuce haka ba ƙarfin bilic yake ƙarawa ba, cin hannu da cin tufafi yake ƙarawa. Santsin nan da ake ji a yatsu, wanda wasu ke ɗauka alamar kyau ce, kitsen fatar mutum ne soda ke mayarwa sabulu.

Turare da kala su ma ki bar su. Bilic aikinsa ke nan cinye launi da ƙamshi, duk abin da ya cinye kuma da ƙarfinsa ya biya. Gorunan ruwa da na lemo da ake tsincewa ana ɗurawa ba su dace ba. Haske yana ratsa su, robarsu ba ta jure soda, kuma yaro ba ya bambanta su da abin sha. Ki nemi jarka ko gora mai kauri wadda ba a ganin cikinta, ki rubuta ranar haɗawa a jiki, ki haɗa abin da zai ƙare cikin wata guda. A bazara ma ki rage.

Amma ina zargin akwai wani abu kafin duk wannan, domin na sha auna bilic ɗin gida a ɗakin gwaji in tarar tun ranar farko bai kai ba. Lissafin ba wuya. Garin kilorin mai kyau kashi 65 zuwa 70 ne, wato kilo ɗaya yana ɗauke da giram 650 na kilorin mai aiki a ƙalla. Bilic mai kashi 3.5 yana bukatar giram 35 a kowace lita. Raba 650 da 35, za ki samu lita 18 da ɗoriya. Iyakar abin da kilo ɗaya zai ba ki ke nan. In an koya miki zuba shi a lita 50, kashi 1.3 kika haɗa, ba ya bukatar wata biyu kafin a ce ruwa ne. Soda ash kuwa a lissafi kusan rabin kilo ne ga kowane kilo, a aikace a ɗan ƙara zuwa giram 600 ko 700 saboda sauran kalsiyam da ke cikin garin. Shi ma garin yana tsufa, musamman wanda aka ƙulla a leda ya sha zafi da laima a kasuwa. Ki narkar da kowanne daban, gari ake zubawa cikin ruwa ba ruwa a kan gari ba, a tsakar gida, da safar hannu da abin kare ido. Ki nisanta garin daga fetur da man birki da garin katako, yana tayar da wuta da kansa. Kada kuma ya haɗu da ƙwayoyin kilorin na wurin ninkaya, sinadarinsu daban ne, haɗuwarsu fashewa take kawowa.

Hanci ba ma'auni ba ne, ko da masu saye sun dage sai mai wari. Warin nan mai sa hawaye da ke tashi idan an zuba bilic a makewayi na kiloramin ne, abin da ke samuwa idan bilic ya haɗu da amoniyar fitsari, kuma shi ma yana ƙona huhu. A fara kora fitsarin da ruwa tukuna. In kina son sanin ƙarfin kayanki da gaske, ki sayi ɗan akwatin gwajin kilorin mai ƙwayar DPD, wadda ke mayar da ruwa ja in akwai kilorin a ciki, a wurin masu kayan ruwa. Ki ja mililita 1 da sirinji ki zuba a lita 10 na ruwa mai tsabta wanda ba kilorin a cikinsa, ki juya, ki gwada. Lambar da ta fito a miligiram cikin lita ita ce kashin bilic ɗinki: in ta nuna 3.5 kina da kashi 3.5, in ta nuna 1 kina da kashi 1. Kada ki sa ƙwayar a cikin bilic tsantsa, zai cinye jan launin ya nuna miki kamar babu komai.

Za a kawo miki wani ƙorafin ma, na farar shadda da ta koma ruwan ɗorawa. Sau da yawa laifin ruwan burtsatse ne mai ƙarfe a narke. Bilic yana mayar da ƙarfen tsatsa ta zauna a zare, ƙara bilic ƙara tabo ne. Ulu da siliki kuwa narkar da su yake yi, don furotin ne kamar gashi. Rinin shuni irin na marinar Ƙofar Mata ɗigo ɗaya ya isa ya bar masa fari har abada, da bilic ma ake koɗar da wandon jins a masana'anta.

Ga masu jinyar mai amai da gudawa a gida, ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bi a cibiyoyin kwalara uku ne: kashi 2 don amai da bayan gida, kashi 0.2 don daɓe da gado da bokitai, kashi 0.05 don hannu da tufafi. Yadda ake fitar da shi, ki raba ƙarfin bilic ɗinki da ƙarfin da kike so, ki cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan mudun ruwa ga mudu ɗaya na bilic. Da mai kashi 3.5, na daɓe ruwa 16 da rabi ne, na hannu ruwa 69. Na amai kuwa kusan a tsantsarsa ake zubawa, bilic huɗu ruwa uku. Dalilin wannan tazarar shi ne datti yana cinye kilorin kafin ya kai ga ƙwayar cutar, shi ya sa ake fara wankewa da sabulu kafin a bi da bilic. Kin ga duk lissafin ya rataya ne a kan sanin ƙarfin abin da ke gorar.

Wannan ne ya sa amsata kan ruwan sha ita ce a'a, ba da wanda kika haɗa ba. Ba ki san ƙarfinsa ba, soda ash da kostik ɗin kasuwa ba don ci aka yi su ba, kuma tsohon bilic kiloret ya taru a cikinsa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi a miligiram 0.7 cikin lita ta ruwan sha. Abin da hukumar ke nema shi ne bayan minti 30 a samu ragowar kilorin miligiram 0.5 a lita, pH ƙasa da 8, kuma kada kilorin ya wuce miligiram 5. Don a kai ga haka akan sa miligiram 2 a kowace lita ta ruwa garai, 4 in da ɗan gurɓata. Mafi sauƙi ki nemi Aquatabs ko WaterGuard, magungunan tsabtace ruwan sha, ki bi abin da aka rubuta a jiki. In babu, sabon bilic na kanti mai kashi 3.5 marar turare marar sabulu zai yi: mililita 1 da ɗan ɗori a jarkar 'yan garuwa mai lita 20. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, ya ishi jarka huɗu, kada a zuba shi a ɗaya. Garin kilorin ɗinki ma in sabo ne zai yi shi kaɗai ba soda: giram 15 a lita ɗaya ta ruwa yana ba da kashi 1, a bari ya kwanta, a ɗebi mililita 4 na saman a sa a jarka. A rufe, a jira rabin awa. In an buɗe ba a ji ɗan ƙamshin kilorin ba ko kaɗan, a maimaita a sake jira.

Ruwan da ya yi jawur sai an fara kwantar da shi da alif ko garin 'ya'yan zogale an tace, domin ƙwayoyin cuta suna ɓuya a cikin laka, kuma kilorin idan ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye yana haifar da sinadarai masu illa irin su kulorofom, abin da wani masani Johannes Rook ya gano a ruwan birnin Rotterdam a 1974. Ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki pH ɗinsa ya hau, kilorin ba zai yi kuzari a ciki ba. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa jure kilorin, amma akwai wata mai sa gudawa, kiriftosforidiyam, da ba ta jin sa a wannan ma'aunin, sai tafasawa. Ruwan jariri da na wanda jikinsa ya yi rauni a tafasa shi.

Tunda kaya ne da za su zauna a gida mai yara: in yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin abin da ya ƙona maƙogwaro da shiga zai sake ƙona shi da fita, man kuma yana iya sarƙe shi ya gangara huhu. A kurkure masa baki, a ba shi ruwa ko madara kaɗan in yana iya haɗiya, a tafi asibiti da gorar a hannu, ki kuma gaya musu kostik nawa kika sa. In ido ya shiga, a yi ta kwarara ruwa minti 15 zuwa 20 kafin a kama hanya.